Filin Lambu: Azaliyata ta kaɗe ganye tas, ta mutu kenan?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun duk kan fure ɗaya suka taru, azaliya, irin wadda take zubar da ganye in sanyi ya shigo, kuma yawancinsu daga 'yan uwanmu mazauna waje ne, sai guda daga nan gida.

TAMBAYA: Salam Malam, ina yini ya aiki ya iyali. Dan Allah a taimaka min, ni a Luton nake nan Ingila, watan Mayu da ya wuce na sayi wata bishiyar fulawa an rubuta azalea a jikin takardarta, lokacin cike take da fure ruwan lemo ga ƙamshi, wallahi duk wanda ya shigo gidan sai ya tanka. Na shuka ta a bayan gida jikin katanga, na zuba mata tokar da ta rage mana ta gashin naman babbar sallah saboda haka na ga mahaifiyarmu tana yi wa shukokinta a gida, kullum kuma ina ba ta ruwan famfo. Wajen Agusta sai ganyen ya fara yin ɗorawa amma jijiyoyin jikin ganyen suna nan kore, yanzu kuma Nuwamba ya kaɗe gaba ɗaya saura tsinke tsirara. Maigidan ya ce ta mutu a tumɓuke ta, ni kuma raina bai ba ni ba. Me zan yi? Daga wata 'yar uwa a Luton.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, lafiya lau alhamdulillah. Da farko dai ki ba Alhaji haƙuri ya ajiye shebur ɗin nan tukun. Ki fita yanzu ki kama reshe ɗaya ki ɗan kankare ɓawon da farce, kaɗan kawai, in kin ga kore mai danshi a ƙasa toh tana nan da ranta. Sannan ki duba can ƙarshen kowane reshe, za ki ga wani ɗan ƙulli mai ƙiba mai tsini a sama, ya fi sauran 'yan tohon da ke gefen reshen girma sosai, wannan shi ne furen baɗi a naɗe yana jiran Afrilu ko Mayu. Azaliya iri biyu ce, akwai mai riƙe ganyenta duk shekara, akwai irin taki mai zubarwa, ita wannan haka Allah ya yi ta, Oktoba zuwa Nuwamba ganyen ya yi ja ko ruwan goro ya zube, ta kwanta barci har sanyi ya wuce. Da yawansu ma furen ne yake riga ganyen fitowa ko su fito tare, kuma a ganina nan ne duk kyawunta yake, reshe tsirara sai ki wayi gari ya kama da wuta.

Toh amma ɗorawar nan ta Agusta ita ce ta fi damuna, don wannan ba barci ba ne, yunwa ce. Azaliya ƙasa mai tsami take so, a ma'aunin da ake kira pH tana son tsakanin 4.5 zuwa 6, shi kuwa 7 shi ne tsaka-tsaki, abin da ya haura haka ya koma ɓangaren kanwa. Ke kuma Luton a kan dutsen alli take zaune, irin na tuddan Chilterns, ƙasar da ruwan famfon duk cike suke da sinadarin farar ƙasa, ki leƙa cikin butar lantarkin da kike dafa ruwan shayi ki ga farin abin nan da ya daskare a gindinta yana ɓarewa falle-falle, toh shi kike zuba mata kullum. Sai ga toka a kai, ita ma toka ɓangaren kanwa take mai ƙarfi ma kuwa, ga katanga da siminti yake ta sakin nasa cikin ƙasa in an yi ruwa. Ita 'yar kunun tsamiya ce kina ta ɗura mata kunun kanwa. Abin da yake faruwa shi ne in tsamin ƙasa ya yi ƙasa, sinadarin ƙarfe da ke ciki sai ya ɗaure saiwar ta kasa sha ko da yana nan jibge, kuma da shi shuka take haɗa koren ganye, shi ya sa kika ga ɗorawa a tsakiya jijiya kore, kuma sabon ganye na sama ne yake fara nunawa. Mama ba ta yi kuskure ba a nata lambun, akwai shukokin da toka take wa amfani, wannan ce dai ba ta ciki.

Shawarata kar ki ce za ki yi faɗa da ƙasar Luton, ba za ki ci ba, duk abin da kika zuba allin da ke ƙasa zai cinye shi cikin 'yan watanni. Ki mayar da ita tukunya. Yanzu ma lokacin ya yi daidai tunda tana barci, in dai ƙasa ba ta daskare ba. Ki nemi tukunya mai faɗi mai huji a gindi, wadda ta ɗan fi dunƙulen saiwar girma ba wata ƙatuwa can ba, ki sayi ƙasar buhu wadda aka rubuta ericaceous a jiki, duk shagon kayan lambu suna da ita, ita ce aka haɗa musamman don masu son tsami. Wajen haƙowa ki yi faɗi kar ki yi zurfi, don saiwarta siriri ce ƙwarai kuma a sama-sama take shimfiɗe, ki karkaɗe tsohuwar ƙasar da tokar a hankali da hannu. In kin zo dasawa kar ki binne wuyanta, daidai inda ƙasa ta tsaya mata a da nan za ta tsaya, ko ma ta ɗan ɗago kaɗan, binne wuya yana kashe azaliya fiye da sanyi. Ki shimfiɗa ɓawon itacen fayin (pine) ko ruɓaɓɓen ganye a sama kamar santimita 5, amma kar ya taɓa jikin karan.

Ruwa kuma ki sa durom ƙarƙashin indararo ki tara na sama, Ingila dai ba a rasa ruwan sama. In ya yanke miki lokacin zafi ki ba ta na famfon haka nan, ya fi a bar ta ta bushe, amma kar ya zama shi ne kullum. Wajen Maris in ta fara motsi ki ba ta maganin ƙarfe na ruwa wanda ake tsarma wa irin waɗannan shukoki, ki bi abin da aka rubuta a kwalbar kar ki ƙara. Kashin kaji ko na shanu ɗanye kar ki kusantar da shi, yana ƙona saiwar. Mai yiwuwa furen baɗi ya yi ƙaranci saboda wahalar da ta sha, kar hankalinki ya tashi, na shekarar da ke biye za ki gani in sha Allah. In kin samu sarari farkon Mayu ki ɗauki yara ku je Isabella Plantation da ke cikin Richmond Park a Landan, shiga kyauta ne, ki ga yadda suke in sun samu ƙasar da suke so.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ina Minnesota a Amurka, na sayi gida na tarar da azaliya guda uku a gaban gidan, maƙwabciyata ta ce da can suna fure sosai. Shekara biyu kenan sai ganye kawai, fure ɗaya biyu a can ƙasa. Ina kula da su wallahi, duk Oktoba kafin dusar ƙanƙara ta sauko nakan yi musu aski da injin datse shinge su yi daidai, kuma takin da nake sa wa ciyawar gaban gida su ma ina watsa musu. Ko sanyin nan namu ne ya yi musu yawa? Don yakan kai 30 ƙasa da sifili. Daga wani ɗan uwa a Minneapolis.

AMSA: Yallaɓai sannu da sanyi, Allah ya ba ku juriya. Ba na jin sanyi ne, injin nan naka ne. Azaliya tana gama fure a ƙarshen Mayu ko Yuni a wajenku, daga nan ta yi sabon reshe, sai wajen Yuli zuwa Agusta ta ɗaura furen shekara mai zuwa a kan ƙarshen waɗannan rassan. Kai kuma sai ka zo Oktoba ka bi kan rassan nan kaf ka sare, kenan furen baɗi kake tarawa a buhun shara, ɗaya biyun da kake gani a ƙasa su ne waɗanda injin bai kai gare su ba. In aski ya zama dole, toh cikin mako biyu zuwa uku bayan furen ya zube, kuma da almakashin hannu, ka cire busasshen reshe da wanda ya gitta kan ɗan uwansa, in ta tsufa ta yi tsayi ka sare tsohon kara ɗaya ko biyu daga can gindi sabo ya taso, shike nan. Ita ba shinge ba ce, ba a yi ta don ta zama murabba'i ba, ka bar ta ta baje yadda take so, takan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Na biyu takin ciyawa. Shi an haɗa shi ne don ganye ya yi yawa ya yi kore, toh abin da ka samu kenan, ga shi wasu irinsa har da maganin kashe ciyayi masu faɗin ganye a ciki wanda zai iya yi mata illa. Ka daina. Ɗan takin masu son tsami sau ɗaya farkon tsiro ko da ta gama fure ya isa, daga ƙarshen Yuni ka tsaya, don in ka sa ta yin sabon toho a makare sanyi zai kama shi da taushinsa ya ƙone.

Maganar sanyi kuwa, tunda maƙwabciyarka ta ce sun saba fure a nan, ina kyautata zaton 'yan gidan Northern Lights ne, waɗanda Jami'ar Minnesota ta ɓata shekaru tana aurar da iri har ta fitar da na farko a 1978, daga baya aka samu su Rosy Lights da White Lights da Golden Lights da Mandarin Lights. Don garinku aka yi su, wasu daga cikinsu ƙullin furensu yana jure sanyi har wajen 40 ƙasa da sifili. Dama azaliya mai zubar da ganye da yawa 'yan asalin gabashin Amurka ne, akwai mai ruwan wuta da take cika tsaunukan Appalachia a Yuni ba wanda ya shuka ta. Daga can aka kwashi iri zuwa Turai, masu lambu a Ghent ta Beljiyam suka haɗa su da mai ɗorawa ta yankin Kokeshas tun wajen shekarun 1820, daga baya gidan Waterer a Knap Hill da Lionel de Rothschild a Exbury can Ingila suka ɗora, yawancin manya-manyan furen da ake sayarwa yau jikokin waɗannan ne.

Abin da zan ce ka kula da shi a naku yankin, zomaye da barewa, in dusar ƙanƙara ta rufe komai sukan zo su ci kan rassan, aikin injinka dai su ma suke yi, ka zagaye su da ragar waya daga Nuwamba. Gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara kar ka tura dusar da ta sha shi gindinsu. Kuma ka ba su ruwa sosai a Yuli da Agusta lokacin da suke ɗaura fure, da kuma kafin ƙasa ta daskare. Ka kai ɗan samfurin ƙasarka a auna, jami'ar tana da ɗakin gwajin ƙasa, in pH ya haura 6 sai ka barbaɗa garin farar wuta don ya ƙara wa ƙasar tsami, amma ka sani a hankali yake aiki, watanni yake ɗauka, kuma kar ka sa fartanya ka ce za ka cusa shi ciki, saiwar a sama take za ka yanke ta.

TAMBAYA: Malam na ga hoton furen nan a Facebook ya tafi da imanina. Ƙanwata za ta dawo daga Jamus da ƙaramar sallah, na ce ta taho min da guda biyu in shuka a tsakar gida. Ina Kano unguwar Hotoro. Wace irin ƙasa zan tanada? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Uwargida ran ki ya daɗe, gaskiya zan faɗa miki ko ba daɗi, ki kira ƙanwar nan ki ce ta bar shi ta sayo miki wani abin. Ba maganar ƙasa ba ce, ƙasa ana iya haɗawa a tukunya. Barcin nan da na yi wa 'yar uwarmu ta Luton bayani ba ado ba ne, ƙullin furen ba ya buɗewa yadda ya kamata sai ya sha makonni masu yawa a jere cikin sanyi na gaske, ƙasa da digiri 10 dare da rana, mu kuwa hunturunmu ko a Janairu sanyin asuba ne, hantsi na yi rana ta take. Sannan ga Afrilu tana tafe da digiri 40 da busasshiyar iska, ita kuma saiwarta tana sama-sama ba ta da jijiyar da za ta nutsa neman danshi, rana ɗaya aka manta da ita ta tafi. In ta zo da furenta za ki ji daɗinsa na 'yan kwanaki, daga nan sai kallon tsinke. Ban da haka shigo da shuka mai rai da ƙasarta daga waje sai da takardar izini da ta lafiyar tsiro, akwai jami'an NAQS, hukumar da ke sa ido kan shigo da tsirrai da dabbobi, a filin jirgi, suna iya karɓewa, kuma suna da hujja don ta haka cututtukan gona suke shigowa.

Amma kinga abin da ya burge ki, wato reshe ba ganye ya cika da fure, ai muna da namu, kariya. Wallahi yana ba ni mamaki yadda muke wuce ta a ƙauye ba ma ko kallonta alhali a ƙasar Tailan sana'a guda ce, an fitar da ita kala-kala ana tura wa duniya da tsada, har wasu Turawa saboda kamar furen suke haɗa sunanta da azaliya ko da yake ba dangi ba ne. Da rani in komai ya bushe ita lokacin take kaɗe ganye ta fito da furenta ruwan hoda mai duhu a baki fari-fari a ciki, ga gindin nan nata mai kumburi inda take ajiye ruwa. Ki je wajen masu fulawa na bakin titi ki tambaya, suna da ita har mai ninkin fure. In kina son mai ƙaton gindin nan ki nemi wadda aka tayar daga iri, ta reshe tana kamawa ita ma amma gindinta ba ya saurin yin haka. In reshen kika samu ki ajiye shi a inuwa kwana biyu uku bakin yankan ya bushe kafin ki soka. Ƙasa mai yashi da tsakuwa, tukunya mai huji, rana tsagwaronta, ruwa sai ƙasar ta bushe sarai. Abin da yake kashe ta ɗaya ne, yawan ruwa, musamman Agusta, ki ɗaga tukunyar kan bulo kar ta zauna cikin ruwa, in kin taɓa gindin kin ji ya yi laushi toh ruɓa ta fara. Ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba suke shafa wa kibiya a wurare da yawa na Afirka, don haka ki wanke hannu bayan kin yanka, kar ya shiga ido, a kuma ajiye ta inda yara ba sa wasa.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne azaliya guba ce? Ina da yara ƙanana, kuma muna da 'yan tumaki a bayan gida nan wajen gari. Daga wani magidanci a Ohio.

AMSA: Da gaske ne Malam, ganye da fure da ruwan furen duk akwai dafi a ciki, ita da duk danginta. Taɓawa ba komai, ci ne matsalar. Tumaki da awaki su aka fi jin tsoro wa don ba sa zaɓe, ɗan ganye kaɗan ya isa ka ga dabba tana dalalar da yawu tana amai tana tangaɗi, in ya yi yawa bugun zuciya ya rikice ta mutu, kuma sau da yawa ba a jikin bishiyar suke ci ba, rassan da aka sare aka jefa musu ta kan shinge ne da sunan ciyawa. Har zuma tana ɗauka, a gaɓar Bahar Aswad ta Turkiyya inda azaliya mai ɗorawar nan ta Kokeshas da 'yar uwarta suke cika duwatsu akwai zumar da suke kira deli bal, mai sa jiri da faɗuwar hawan jini, an rubuta yadda wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sojojin Girka suka sha ta kusa da Trabzon suka zube kamar an ci su da yaƙi, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku suka dawo hayyacinsu.

Ban ce ka tumɓuke ba. Ka shuka ta a gaban gida nesa da garke, ka gyara shinge, rassan da ka sare su tafi shara kai tsaye, yara kuma a nuna musu tun yanzu cewa wannan ba a kai wa baki, don yaro yana ganin fure mai zaƙi-zaƙi zai so ya tsotsa. In tsautsayi ya sa wani ya ci, kar a tsaya ba shi madara ko manja a gida ana jira a gani, a wajenku Amurka akwai layin Poison Control na masu ba da shawara kan guba da yake aiki dare da rana, ka ajiye lambar a wayarka da ta uwargida, in dabba ce kuma a kira likitan dabbobi nan take, a tafi da reshen a hannu ya ga abin da ta ci.